Dariyar Taro: Bayani a Kan Wasan Kwaikwayo na Ban Dariya da Masu Kallonsa

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da littafin wasan kwaikwayo a aji ya san wani abu mai ɗaure kai. Sai a ba ɗalibai wasan da kowa ya san na ban dariya ne, su karanta shi shafi bayan shafi, kowa fuskarsa a murtuke kamar mai lissafin gado. Bayan mako biyu a ɗora wannan wasa a kan dandali da dare, ɗaliban nan su zo su zauna, kowa kusa da abokinsa, sai ka ji zauren taro ya ɗauka da dariya, wani yana riƙe ciki, wani yana share hawaye. Ga shi kuwa ba a ƙara ko kalma guda a kan abin da ke cikin littafin ba. To, ina dariyar nan ta ɓuya sa'ad da ake karatu, kuma me ya fito da ita a dandali?

Nufin wannan takarda shi ne ta amsa wannan tambaya gwargwadon hali. Za mu duba aikin da taron 'yan kallo ke yi, sa'an nan mu duba abubuwan da harshen Hausa ke ba mai wasa waɗanda alƙalami ba ya iya kamawa, daga ƙarshe mu duba iyakar da al'ada ta shata wa wasa. Maganar ta fi shafar malaman kwalejojin horon malamai, domin su ne ke yaye waɗanda za su koyar da adabin Hausa a makarantu. In kuwa aka saba wa malami da ɗaukar wasa tamkar littafin karatu kurum, to, haka zai koyar da shi har ya bar aiki.

2. Asalin abin a taƙaice

Tun kafin a san dandali irin na Turawa, mai labule da kujeru a jere, Hausawa suna da hanyoyinsu na kwaikwayo don ban dariya. Akwai tashe, wanda yara da samari ke yi da dare cikin watan azumi, galibi daga goma ga wata, suna bi gida gida. A cikinsa ake kwaikwayon tsoho mai gemu, da mai magani mai cika baki, da gwauron da ya kasa aure. Akwai 'yan kama da 'yan gambara, masu neman abinci da bakinsu a kasuwa da wurin biki. Akwai wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa da fadawansa, tafiyarsu da irin maganarsu. Akwai kuma kalankuwa, wadda samarin karkara ke yi bayan an kawar da amfanin gona, su naɗa wa junansu muƙaman hukuma, su yi shari'ar wasa. Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake rubutawa, kuma babu wanda ake kallonsa a kaɗaice. Jama'a sukan yi da'ira, mai wasa yana tsakiya, yana jefa musu magana suna amsawa.

Rubutaccen wasa daga baya ya zo. A 1936 Dokta R. M. East, wanda ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa domin makarantu. Malam Aminu Kano ya shirya wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, yana amfani da raha wajen sukar zalunci. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau. A 1959 da 1960 aka buga Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. A 1968 kuma Uwar Gulma ta Mohammed Sada ta fito. A Jamhuriyar Nijar abin ya bi wata hanya dabam. Bayan Saini Kunce ya karɓi mulki a 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa inda ƙungiyoyin wasa ke gasa, irin su Yazi Dogo suka yi suna. Janet Beik, wadda ta fitar da littafi a kan wasan Hausa na Nijar a 1987, ta bayyana cewa 'yan wasan can ba sa rubuta maganganunsu. Sukan daidaita a kan tsarin labari ne, sa'an nan kowa ya faɗi nasa da ka a gaban jama'a. Ke nan ko bayan zuwan boko, wasan Hausa bai rabu da tushensa na baka ba.

3. Dariya abar taro ce

Masana sun daɗe da lura cewa mutum ba ya cika yin dariya shi kaɗai. A 1900 wani malamin falsafa na Faransa, Henri Bergson, ya rubuta ɗan littafi a kan dariya, inda ya nuna cewa dariya tana bukatar mai amsawa, kuma kullum ta wata ƙungiya ce, ko da ƙungiyar a zuci take. Shekara ɗari bayan haka, watau a 2000, wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Robert Provine, ya fitar da littafin da ya tattara bincikensa. Ya gano cewa yiwuwar mutum ya yi dariya cikin mutane ta ninka yiwuwar ya yi ta shi kaɗai har wajen sau 30. Shi da ɗalibansa kuma sun bi wuraren taruwar jama'a suna rubuta abin da aka faɗa dab da ɓarkewar dariya har sau 1,200, sai suka ga abin da za a kira maganar barkwanci a ciki bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba. Sauran duk maganganu ne na yau da kullum. Watau dai mafi yawan dariya alama ce ta cewa ana tare, kuma an yarda da juna.

Masu gidajen wasa sun san wannan tun kafin masana su auna shi. A ƙarni na 19, a birnin Faris, akan yi hayar mutane a baza su cikin 'yan kallo, waɗansu aikinsu tafi, waɗansu aikinsu dariya, domin su ja sauran jama'a. Tun daga 1950 kuma gidajen talabijin na Amurka suka fara sa dariyar da aka naɗa cikin wasanninsu, don mai kallo a ɗakinsa ya ji kamar yana cikin taro.

To, in taro kawai ake bukata, me ya sa zama da abokai ya fi zama da baƙi daɗi? Mai karatu ya lura da samari huɗu ko biyar da suka zo kallo tare. Da mai wasa ya fito a matsayin marowaci, kafin ma ya buɗe baki, sai ɗaya ya zunguri na kusa da shi, ya nuna na ukunsu da baki, don shi ne ba ya taɓa sayen goro. Nan take dariya ta zama biyu, ta abin da ke dandali da ta abin da su kaɗai suka sani. In magana ta yi daɗi, wannan ya miƙa wa wancan hannu su tafa. In mata ne, su yi shewa. Bayan an tashi, a hanyar komawa gida, sai su maimaita maganganun da muryar mai wasan, wanda ya manta wani wuri a tuna masa, har wani ya kwana da sabon laƙabi wanda zai bi shi shekara da shekaru. Abokai su ne ke ɗaura wasan a jikin rayuwarsu, su kuma tsawaita shi bayan an rufe labule.

Saboda haka tsarin zama ba ƙaramin abu ba ne. Inda aka jera kujeru kowa yana kallon ƙeyar na gabansa, dariya takan yi nauyin tashi. Inda aka zauna a kewaye, kowa yana ganin fuskar ɗan'uwansa, nan da nan take kamawa kamar wutar kara. Gidan wasan da aka gina a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a tsakiyar shekarun 1970, da ƙasa, bisa tsarin gidan Bahaushe, da fili a tsakiya, misali ne na komawa ga da'irar nan ta 'yan kama.

4. Abin da kunne ke ji wanda ido ba ya gani a takarda

Yanzu sai mu juya ga harshe, inda a ganina mafi yawan dariyar da aji ke asara take. Misalan da ke tafe ni na shirya su don bayani.

(a) Tsawon wasali da karin sauti. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna wasali dogo da gajere, ba ya kuma nuna karin sauti, watau hawa da saukar murya a kan gaɓoɓin kalma. Kalmar gari ta wurin zaman mutane wasalinta na farko gajere ne, ta abin tuwo kuwa dogo ne. Kuka na hawaye muryarsa sama-sama ce, kuka ta miya sama-ƙasa. Wuya na jiki sama-ƙasa ne, wuya ta wahala ƙasa-sama. A ce yaron gida ya shigo da gudu ya tarar da maigida yana gyangyaɗi, ya ce, "Maigida, gari ya ƙare!" yana nufin na tuwo. Maigida ya zabura, ya suri jakar kuɗinsa, ya nufi katanga zai haura, bai ko tambayi iyalinsa ba. 'Yan kallo sun ji wasalin nan dogo sarai, sun san buhu ne ya ƙare, don haka sun fi maigida sani, kuma wannan fifikon sani shi ke ba su dariya. Mai karatu kuwa kalma ɗaya ya gani, bai san wadda aka faɗa ba sai ya kai ƙarshen shafi, sa'ad da abin ya riga ya huce.

(b) Baƙaƙe masu ƙugiya da Barikanci. Hausar da ta tashi a barikokin soja, wadda ake kira Barikanci, takan mai da ɓ, ɗ, ƙ su zama b, d, k, takan baje karin sauti, takan kuma watsar da bambancin jinsi, mace da namiji duk "ya" ne. A ce wani kofur ya leƙo zaure ya ce, "Kura ya tashi a kasuwa," yana nufin ƙura, sai mazauna zauren su watse, wani ya bar takalmi, wani ya shige ƙarƙashin tabarma. Haka ƙoƙo da koko, da ɗaka da daka, da ɓari da bari. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi shekaru yana fitowa a matsayin Samanja a rediyo da talabijin na Kaduna, kuma babban jarinsa shi ne wannan Hausa ta bariki haɗe da tsawar soja. Ana iya rubuta kalmominsa, amma ba a iya rubuta tsawar.

(c) Karin harshe. Basakkwace ya ce "wanga" da "mi" da "hwara" inda Bakano ke cewa "wannan" da "me" da "fara". A Zazzau kuma da yawa sukan sa ɗafin namiji ga sunan mace, su ce "matana" inda daidaitacciyar Hausa ke cewa "matata". A ce Bazazzagi ya je neman aure Kano, ya ce wa waliyyin yarinya, "Matana ma ta san na zo." Waliyyi ya gyara zama ya ce, "Matanka? Su nawa ne, Malam? An ce mana guda ce." A hakika karin sautin mata guda ƙasa-sama ne, na jam'i kuwa sama-sama, don haka Bakanon yana iya ganewa in ya so. 'Yan kallo sun san da gangan ya ƙi ganewa, kuma nan daɗin yake.

(d) Aron salon wani wuri. Kowane matsayi yana da irin maganarsa: ta alƙali dabam, ta maroƙi dabam, ta mai ba da karatu a zaure dabam. Babbar dabarar 'yan kama ita ce su ɗauki salo mai nauyi su ɗora masa abu marar nauyi. Ɗan kama yakan zauna da natsuwa irin ta malami, ya ja murya, abokinsa yana amsa masa kamar almajiri, amma abin da ake bayani a kai shi ne darajar tuwo da miya da nama. Kalmomin kansu ba su da wani abin dariya. Tazarar da ke tsakanin murya da ma'ana ita ce abin dariyar, ita kuwa murya sai a baki.

(e) Karya karin magana. Mai wasa ya ce, "Komai nisan jifa," ya yi shiru. Jama'a su ƙarasa masa baki ɗaya, "Ƙasa zai faɗo!" Shi kuwa ya girgiza kai, ya shafa ƙullutun da ke goshinsa, ya ce, "A'a, a kan mai tsautsayi zai faɗo." A nan 'yan kallo su ne suka haƙa ramin da suka faɗa. In babu su, rabin maganar babu ita.

(f) Shiru. Provine ya lura da wani abu da ya kamata masu nazarin harshe su riƙe. Cikin dariya 1,200 ɗin nan, sau 8 kawai dariyar mai magana ta katse masa jimla a tsakiya; a sauran duk sai a gaɓar da magana ta tsaya take zuwa, kamar yadda aya da waƙafi ke zuwa a rubutu. Gwanin wasa ya san haka ko bai karanta ba. Yakan ajiye kalmar da ke ɗauke da dariya a ƙarshen jimla, ya tsaya, ya bar jama'a su yi dariyarsu, sai ta fara lafawa ya ɗora. Sabon shiga kuwa tsoron shiru yake yi, sai ya ci gaba da magana cikin hayaniya, jama'a su haɗiye dariyarsu don kada su rasa abin da ke tafe. In ya yi musu haka sau biyu ko uku, sun daina ke nan har a tashi.

5. Wa ake yi wa dariya?

Mai karatu zai lura cewa da yawa daga cikin misalan nan dariya ce ga maganar wani. A nan ne malami ya kamata ya yi hattara. Al'adar Hausa ta tanadi waɗanda ke da izinin tsokanar juna: taubasai, watau ɗan mace da ɗan namiji; jika da kaka; Fulani da Barebari; Kanawa da Zagezagi; Gobirawa da Yarabawa; maƙera da Buzaye. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta wasan dangi, yadda ake yin ta a Nijar, cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam. Sharaɗin wannan wasa shi ne kowane ɓangare yana da damar ramawa, kuma ba a fushi. Bazazzagin da aka yi wa dariya a fitowa ta farko, 'yan kallo suna jiran ya rama a ta biyu, kuma in ya rama sun fi jin daɗi.

Inda babu damar ramawa, abin ya tashi daga wasa ya koma izgili. Kwalejojinmu cike suke da ɗaliban da Hausa ba harshen uwa ba ce a gare su, akwai kuma mai in'ina, da mai lalurar ido ko ta ƙafa. In aka fito da mutum a dandali ba don komai ba sai don a yi wa harshensa ko jikinsa dariya, to, akwai wanda ke zaune cikin taron nan tare da abokansa, suna dariya shi yana sunkuyar da kai. Ƙarfin nan na taro da ke ninka daɗi, shi ne kuma ke ninka kunya. Bergson ya ɗauki dariya a matsayin horon da jama'a ke yi wa mai taurin hali, kuma wasannin Hausa da suka yi ƙarko sun bi wannan hanya: rowa, da kwaɗayi, da gulma, da cika baki, da almubazzaranci su ake yi wa dariya, domin halaye ne da mutum ke iya bari. Ko Samanja ma, ba Barikancin kawai ake yi wa dariya ba. Shi ne mai iko a wasan, shi ke ba da oda, jama'a kuma suna ƙaunarsa.

6. Shawara ga malamai

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da 'yan shawarwari. Kada a fara koyar da wasan ban dariya da karatun zuci. A raba wa ɗalibai matsayi tun ranar farko, su miƙe tsaye su faɗa da baki, sauran aji su zama 'yan kallo. A sa ɗalibai su bi littafin da fensir, su sa alama a duk inda tsawon wasali ko karin sauti ko karin harshe ke ɗauke da ma'ana, domin wannan darasin nahawu ne da ba za su manta ba. A koya wa 'yan wasa jiran dariya, a riƙa gayyato 'yan wani aji wurin gwaji don su saba da ita. Ranar wasa a jera kujeru a kewaye ko rabin kewaye, a matso da su kusa, domin ƙaramin ɗaki cike ya fi babban zaure rabi, kuma a bar ɗalibai su zauna da waɗanda suke so. Kafin a amince da kowace fitowa, malami ya tambayi kansa ko wanda ake yi wa dariya a ciki yana da hanyar ramawa.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i. Yau majigi da wayar hannu sun sa mutum yana iya kallon wasan ban dariya shi kaɗai a kan gado, kuma marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya nuna irin nisan da barkwancin Hausa ke iya kaiwa ta hanyar fim. Wannan ci gaba ne, amma ɗan wasan fim ba ya jin mai kallonsa, ba ya kuma iya sauya magana don wani ya jefo masa tsokana daga baya. Saboda haka in za a naɗi wasan dandali, ko na 'yan kama, ko tashe, don ajiya da nazari, lalle a naɗa har da jama'a, a kuma rubuta amsarsu da wuraren dariyarsu cikin matanin, yadda ake rubuta maganar 'yan wasa. Wanda zai yi nazarin wasan nan bayan shekara hamsin yana bukatar ya san inda aka yi dariya, da tsawon da ta yi, da abin da mai wasa ya yi kafin ta lafa.